Yadda Muka Sa Hannun Yaya a Cikin Kwamfuta

Yayana mai rubuta allo ne. Ba allon makaranta ba, allon shago, wanda za ka ɗaga kai ka gani a saman ƙofa da sunan mai shago da abin da yake sayarwa. A unguwarmu ba mai kiransa da sunansa, kowa sai Mai Buroshi. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, shi kuma ya ce mini Auta, ko da yake yanzu furfura ta fara leƙo mini, 'ya'yana har sun fi ni tsawo.

Tun yana ɗan mitsitsi abin ya kama shi. Inna ta sha ba mu labarin ranar da ya cika bangon bayan ɗakinta da rubutun gawayi. Ta ɗauko tsintsiya za ta zane shi, sai ta tsaya tana kallon haruffan, ta kalla, ta kalla, har tukunya ta ƙone a murhu. Wai dai ya sha dukan, amma na tukunyar ne, ba na bangon ba.

Da ya girma ya koyi aikin a wurin wani tsoho mai rubutu a jikin motoci, daga baya ya kama rumfarsa. Kai, a ce ka ga Yaya yana aiki a lokacinsa! Zai shafa wa zare alli, ya ɗaure shi a gefe da gefen allo, ya ja tsakiyar ya saki, tas, layi ya fito. Ya yi na sama, ya yi na ƙasa. Shi ke nan awonsa. Daga nan sai ya tsallaka titi ya tsaya can ɗaya ɓangaren, ya kanne ido yana kallon allon da ba komai a kai, masu babur suna ta zage-zage suna kauce masa. Ya dawo ya hau tsani, ya tsoma buroshi, ya ja harafi ɗaya da numfashi ɗaya. Ba ya gogewa, ba ya maimaitawa. R ɗinsa kuwa ko a cikin dubu za ka gane shi, ƙafarsa ta gaba a miƙe kamar mai shirin tsallake kwata.

Ni kuma aikina buga takardu. Ina da ɗan shago mai kwamfuta biyu da firinta da na'urar sikan mai ɗaukar hoton takarda, ina buga wa ɗalibai aikin makaranta, ina yi wa mutane katin gayyata. Shekara da shekaru Yaya bai taɓa shigowa shagon nan ya fita bai tsokane ni ba. Kwamfuta a wurinsa akwatin ragwaye ce. Ya leƙa allonta ya ce, "Auta, wannan rubutun naku duk fuskarsu ɗaya, ba mai gaishe da wani." Ni ma ba na barinsa. Na ce, "Yaya, kai kuma har ka mutu kana warin tina, ruwan wanke buroshin nan naka, Anti ce kawai ta iya da kai." Anti matarsa ke nan. Sai ya yi dariya ya shanye mini shayi ya tafi.

A wurin shan shayin ne na fara gani. Ya ɗauki kofi, sai na ji cokali yana ƙara a ciki shi kaɗai, kar-kar-kar. Ya yi maza ya ajiye, ya kama wata magana. Na yi kamar ban gani ba. Bayan nan na ji ana cewa Mai Buroshi ya zama ɗan girman kai, kowa ya kai masa aiki sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Aiki ya yi masa yawa, alhali na wuce rumfarsa na ga gwangwanayen fenti sun yi fata a sama! Na je gida na tsare Anti a kicin. Ba ta ja da nisa ba sai hawaye. Hannun dama ne ke rawa. Likita ya ba shi magani, ya ce zai rage, amma ba zai koma kamar da ba. Yaya kuma ya rantse ba wanda zai sani a waje, don duk ranar da aka sani, an gama da Mai Buroshi.

Ana cikin haka sai ga Hajiya mai gidan burodi. Ita ce ta fara ba shi babban aiki tun yana saurayi, kuma duk allon da ta taɓa kafawa hannunsa ne. Ta buɗe sabon reshe a bakin babban titi, gini mai faɗi, tana son allo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce mata aiki ya yi yawa. Ta ce za ta jira. Ya ce ta gwada masu inji. Ta ce in tana son rubutun kowa da kowa ai ta san hanya, nasa take so, kuma ba za ta buɗe wurin da allon wani ba. Hajiya ba a yi mata musu. Ya amsa, ya dawo gida ya zauna a ƙofar ɗaki ya yi tagumi.

A nan na same shi. Na ce, "Yaya, na sani, kada ma ka fara yi mini ƙarya." Ya harari Anti, ta shige ɗaki. Na zauna na ce, "Tambaya ɗaya zan yi maka. Haruffan nan na cikin kwamfutata da kake zagi, kana tsammani daga sama suka faɗo?"

Ya ce, "Oho musu."

Na ce, "Mutum ne irinka ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya. Aka tattara, aka sa a fayil guda, aka ba shi suna. Shi muke kira fon. In na danna B, kwamfuta lamba kawai take ji. Sai ta je ta tambayi fon ɗin da na zaɓa, wace siffa ce ke zaune a wannan lambar? Ya miƙo mata B ɗinsa. In na sauya fon, wani ya miƙo nasa. To me zai hana naka ya shiga layi?"

Ya ɗago kai. Wallahi na daɗe ban ga idon Yaya ya yi irin wannan hasken ba. Amma bakinsa cewa ya yi, "Shirme." Can ya ce, "Da wane hannun zan zana su?"

Na ce, "Ai ka riga ka zana. Suna rataye a gari."

Washegari muka fita farautar haruffa, ni da wayata, shi da tsaninsa a kafaɗa. Dole sai da tsani, don in ka ɗauki hoto daga ƙasa harafi yakan fito da ƙaton gindi da ƙaramin kai, sai ka hau ka yi daidai da shi fuska da fuska. Ni da ko kujera ba na son hawa, sai ga ni a saman tsani, zani a ɗaure tam, ina salati, Yaya a ƙasa yana riƙe yana ba da umarni. "Ba wannan S ɗin ba, ranar ina da mura! Mu je wurin mai walda, can na yi mai kyau." Mun samo K a shagon tela, M a kantin magani, lambobi a jikin wata tsohuwar motar ruwa da aka jingine ba taya. Wani mai shago ya ɗauka daga ofishin haraji muke, ya fara rantse-rantse tun kafin mu yi sallama. Na yi dariya har tsanin ya girgiza, Yaya ya ce in na faɗo shi ba ruwansa, wayar kawai zai cafe.

Da muka dawo shago na zuba hotunan a kwamfuta. Yaya ya ja kujera ya zauna kusa da akwatin ragwaye, karo na farko a rayuwarsa. Ya ce, "To ai ga su nan, buga mana." Na ce ya dakata. Na kama hoton R ɗinsa na ƙara masa girma, na ƙara, na ƙara, sai gefensa ya farfashe ya zama tsani-tsani. Ya ce, "Subhanallahi, kin ɓata shi!" Na ce hoto ke nan, tarin ɗigo ne, in ka ja shi sai ya tona kansa. Fon ba haka yake ajiye harafi ba. Na buɗe manhajar da na kwana biyu ina koyo, na ɗora hoton a ƙasa, na fara bin gefen harafin ina dasa ɗigo: ɗaya a kusurwa, ɗaya a inda lanƙwasa ta fara, ɗaya a inda ta ƙare. Tsakanin kowane biyu na ja layi ya lanƙwasa daidai da yadda buroshinsa ya bi. Da na zagayo na haɗe, na cire hoton, sai ga R ɗin Yaya tsaye shi kaɗai, baƙi wuluk, gefensa sumul.

Na ce, "Yanzu abin da kwamfuta ta riƙe shi ne hanyar da hannunka ya bi, daga nan zuwa nan, a lanƙwasa haka. Ko wane girma ka ce, sai ta sake bin hanyar, firinta kuma ta cika cikin da tawada." Na mai da shi ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Na hura shi har ƙafarsa kaɗai ta cika allon kwamfutar. Ko gezau, sumul yake. Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce, "Sake!" Na sake. Ya ce, "Ƙara masa!" Ya leƙa waje ya kira mai gyaran takalmi na ƙofar shagona wai ya zo ya ga ikon Allah. Bawan Allah ya shigo da takalmi a hannu, ya kalli harafi ɗaya tal, ya ce madalla, ya fita bai san me aka nuna masa ba.

Akwai 'yan haruffan da ba mu samu a kowane allo ba. Waɗannan ya zana su da fensir a kan babbar takarda, layin yana karkarwa, yana huci yana jin haushin kansa. Na ce, "Kai dai nuna mini hanya, miƙewar tawa ce." Na sa su a na'urar sikan, na dasa ɗigo a inda ya nufa, ba a inda hannun ya kauce ba. Yana tsaye a bayana yana cewa, "Sama kaɗan. A'a, kin wuce. Yauwa, nan nake nufi." Mun yi faɗa ba adadi. O ɗinsa na daidaita shi da layi cif, ya ce na yi masa kaciya, wai harafi mai zagaye sai ya ɗan leƙa sama da ƙasan layi, in ba haka ba ido zai gan shi ƙarami. Na yi musu, muka buga duka biyun muka manna a bango, na ga gaskiyarsa, na ce to ai dama gwada shi nake.

Ranar da na sa fon ɗin a kwamfuta, na ce ya ba shi suna. Ya ce a sa Mai Buroshi. Sai ga shi a cikin jerin, tsakanin sunayen da ba mu san masu su ba. Na tura masa madannai na ce ya rubuta da kansa. Da yatsa ɗaya ya dinga nema yana dannawa: TATTAUSAN BURODI. Firinta ta yi ƙugi ta turo takarda. Ya ɗauka, ya miƙa hannu nesa, ya kanne ido. Murnar ta ɗan ja baya.

"Haruffana ne," in ji shi, "amma ba rubutuna ba ne. Dubi T da A, kamar sun yi faɗa."

Gaskiya ne, akwai rami tsakaninsu. Na bayyana masa cewa a cikin fon kowane harafi yana zaune a akwatinsa, akwati kuma ba ya shiga na maƙwabci, shi ya sa hannun T ya ƙare kafin ƙafar A ta fara. Ya ce shi a allo yakan tura A ta shiga ƙarƙashin hannun T ta fake. Na ce ai akwai wurin da ake gaya wa fon haka, duk inda waɗannan biyun suka haɗu, a matso da su. Tabɗi! Da na san abin da na jawo wa kaina da na yi shiru. Sai da muka bi haruffa biyu-biyu, T da A, A da U, R da O, yana cewa matso, ja baya, matso. Anti ta aiko da abinci ya huce a kan firinta. Amma da muka sake bugawa, ya kalla, sai kawai ya fashe da dariya ya buga tebur. Ni ma da na kalla, wallahi sai na ji warin tina.

Na tsara allon Hajiya gaba ɗaya, ja a kan ruwan ƙwai, na ajiye a filash, ɗan abin nan da ake ɗaukar fayil a ciki, na ce gobe zan ƙarasa shirya shi mu kai wurin mai babban inji, wanda ke buga allon talla a kan leda mai kauri. Na tafi kai ƙaramata asibiti. Ashe Yaya ɗoki ya hana shi zama. Ya karɓi mabuɗin shagona a wurin mai gyaran takalmi, inda nake barinsa, ya ɗauki filash, ya kai da kansa, wai zai ba ni mamaki. Ya miƙa wa mai inji, ya faɗi tsawo da faɗi, ya tafi wurin mai walda duba firam ɗin ƙarfen da za a ɗaura allon a kai. Shi a saninsa, abin da aka rubuta ya rubutu. Fenti in ya bushe a allo, duk inda ka kai allon yana nan.

Da yamma Anti ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce in zo. Na tarar da leda shimfiɗe a tsakar gida, doguwa har ta naɗe a jikin bango. Launi daidai, kalmomi daidai. Haruffan kuwa irin na takardar ofis, siraran nan marasa gishiri, an hura su sun yi ƙato. Yaya na zaune a gefe, ko kallona bai yi ba.

"Babban inji ya ƙi hannuna," in ji shi. "Ƙaramin naki ne ya yi mini kara. Gobe zan je in gaya wa Hajiya ta nemi wani."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, na rasa wanne zan fara. Na zaɓi faɗa, don shi na fi iyawa. Na ce, "Wa ya aike ka? Na ce maka ban gama ba! Fayil ɗin da ka ɗauka ba ya ɗauke da haruffanka, sunansu kawai ya ɗauka. Ya je can ya ce a rubuta wannan da Mai Buroshi. Kwamfutar can ta duba jerinta, ba ta san wani Mai Buroshi ba, sai ta tura wanda ta samu a kusa. Inji bai ƙi ka ba, Yaya, ko ganinka bai yi ba. Kana nan a shagona a zaune!"

Ya juyo a hankali. "Wato ban je ba ma?"

"Ba ka je ba."

"To kai ni."

Da safe na buɗe fayil ɗin a gabansa, na mai da rubutun zane, yadda kowane harafi zai tafi da hanyarsa a jikinsa ba sai an tambayi kowa ba. Muka tafi tare. Mai inji ya ce shi dama ya ga kwamfuta ta yi wani ƙorafi jiya, amma Mai Buroshi ya ce sauri yake. Wannan karon sai da na sa ya buɗe a gabanmu, Yaya ya sa fuska dab da allon ya ga R ɗinsa da ƙafarsa a miƙe, sannan ya ce bismillah.

Injin nan faɗinsa ya kai ɗaki. Kansa yana zirga-zirga, dama, hagu, dama, hagu, leda tana fitowa kaɗan-kaɗan. Da farko ruwan ƙwai kawai. Sai wani jan layi ya ɓullo, ya yi faɗi, ya zama hannun T. Yaya ya dafa kafaɗata, ina jin rawar hannun har cikin ƙashina. A ta biyo, ta shige ƙarƙashin hannun T ta fake abinta. Ya ce, "Auta! Auta, kin gani? Ta shiga!" Yana bin ledar yana kiran haruffa da ƙarfi kamar mai kiran 'ya'yansa cin abinci. Kowane ɗaya ya kai ƙirjinsa tsawo, bai taɓa yin masu girman haka ba ko a lokacin ƙarfinsa, kuma gefensu kamar yanzu ya ɗaga buroshi. Ma'aikatan wurin suka bar aikinsu suka zagaye mu. Ni dai kuka nake ina dariya, ina goge fuska da bakin mayafi.

Ranar da aka ɗaga allon, Yaya ya tsallaka titi ya tsaya can ɓangaren yana ɗaga wa masu kafawa murya, a ɗaga hagu, a sauke dama. Hajiya ta iso, ta fito daga mota, ta ɗaga kai. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ai na faɗa! Mai Buroshi, hannun nan naka ba ya tsufa. Wa zai ce ba jiya ka yi mini na farko ba?"

Na yi ajiyar zuciya, na ce a raina shi ke nan, asiri ya rufu, sai mu yi godiya mu tafi. Sai na ga Yaya ya miƙa mata hannun damansa, a buɗe, a tsakiyar titi, gaban masu kafa allo da masu sayen burodi. Hannun yana ta rawa, bai yi ƙoƙarin tsai da shi ba.

Ya ce, "Hajiya, ga hannun. Ba zai ƙara riƙe buroshi ba, shi ya sa na yi ta yi miki hanya-hanya. Wancan rubutuna ne, amma ni da ƙanwata muka yi, inji ya buga. Gara ki ji daga bakina."

Hajiya ta kalli hannun, ta kalli allon, ta sake kallon hannun. Ta ce, "Allah ya ba ka lafiya. Da ka faɗa tun farko ai da ban matsa maka ba." Sai ta nuna allon ta ce, "Yanzu wannan abin naku, yana yin ƙanana? Irin na jikin ledar burodi?"

Yaya ya ce, "Ko ƙwayar shinkafa."

"Motocin kai kaya fa?"

"Har jirgin sama, in kin saya."

Ta yi dariya ta ce to ga mota ɗaya can a bayan gini, a fara da ita. Kafin ta rufe baki Yaya ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya nufi motar da sauri har takalminsa na fita. Ya kafa bakin tef ɗin a jikin ƙofa, hannun ya ƙi tsayawa, ƙarfen yana ta ƙwanƙwasa motar. Bai ɓoye ba, bai waiga ya ga wa ke kallo ba. Ya ɗaga murya yadda duk titin zai ji, ya ce, "Auta, tsayuwar me kike yi? Zo ki riƙe mini nan!"

Na ajiye jakata a ƙasa, na je na riƙe.